Kuɗin neman zaɓen larduna a Kanada: Nawa ake biya, kuma me kuɗin yake saya?

A 'yan shekarun nan Kanada ta zama ɗaya daga cikin ƙasashen da 'yan Najeriya suka fi nufa domin aiki da zama na dindindin. A shekarar 2023, Najeriya na cikin ƙasashe biyar da suka fi yawan mutanen da Kanada ta bai wa izinin zama na dindindin. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun wannan izini shi ne shirin zaɓen larduna, wanda aka fi sani da PNP, inda lardi kan zaɓi mutumin da yake buƙatar sana'arsa, ya miƙa sunansa ga gwamnatin tarayya.

Sai dai shirin na tattare da kuɗaɗe iri-iri da kan rikita masu nema, har wasu su sayar da fili ko mota kafin su fahimci abin da za su biya da wanda za su biya wa.

Asalin shirin

Kundin tsarin mulkin Kanada na shekarar 1867 ya raba ikon kula da shige da fice tsakanin gwamnatin tarayya da larduna. A kan wannan tushe ne aka fara shirin a ƙarshen shekarun 1990, inda lardin Manitoba ya kasance a sahun gaba a 1998. Manufar ita ce a karkato da baƙi zuwa yankunan da ke fama da ƙarancin ma'aikata, maimakon kowa ya tare a biranen Toronto da Vancouver da Montreal.

Lardin Quebec ba ya cikin shirin, domin yana da nasa tsarin bisa yarjejeniyar da ya ƙulla da gwamnatin tarayya a 1991. Haka nan yankin Nunavut ba shi da irin wannan shiri.

Darajar zaɓen lardi ta ƙara fitowa fili bayan da aka ƙaddamar da tsarin Express Entry a watan Janairun 2015. A wannan tsari ana auna masu nema da maki da bai wuce 1,200 ba, kuma wanda lardi ya zaɓa yana samun ƙarin maki 600 a take. Kusan duk wanda ya samu wannan ƙari yakan samu gayyatar neman izinin zama na dindindin.

Kowane lardi da farashinsa

Da yake kowane lardi ke tafiyar da shirinsa, shi ne kuma ke yanka kuɗinsa, kuma bambancin na da yawa. A shekarar 2024, lardin Ontario na karɓar dalar Kanada 1,500 a yawancin rukunonin ma'aikata, da dala 2,000 ga wasu masu tayin aiki a Toronto da kewayenta. Manitoba na karɓar dala 500, kuɗin da ta fara karɓa tun 2017. Prince Edward Island na karɓar dala 300, New Brunswick kuma dala 250, yayin da Nova Scotia ba ta karɓar komai daga ma'aikata a lokacin.

Farashin ba ya tsayawa wuri guda. British Columbia ta ɗaga nata daga dala 1,150 zuwa 1,475 a watan Agustan 2023. Alberta kuwa ta tashi daga dala 500 zuwa 840 a watan Afrilun 2024, sannan ta kai shi 1,500 a Afrilun 2025, wato ya ninka sau uku cikin kimanin shekara guda. Wannan ya sa wajibi ne mai nema ya duba shafin gwamnatin lardin a ranar da zai biya, kada ya dogara da farashin da wani ya biya bara.

Ana biyan kuɗin lardi sau ɗaya ne a kan kowace takardar nema, kuma ya haɗa da mata ko miji da 'ya'yan da ke cikin takardar.

Abin da kuɗin yake saya

A nan ne mutane da dama kan yi kuskure. Kuɗin da ake bai wa lardi ladan duba takardu ne kawai. Da zarar jami'ai sun fara nazarin takardun, kuɗin ya tafi ke nan, ko an amince ko an ƙi. Wanda aka ƙi saboda takardar shaidar aiki ba ta cika ba, ko sakamakon jarrabawar harshe ya wuce wa'adinsa na shekara biyu, zai sake biya daga farko idan yana son ya ƙara gwadawa.

Akwai kuma batun lokacin biya. Larduna da yawa na bin matakai biyu. Da farko mutum zai nuna sha'awarsa ta intanet, ya shigar da shekarunsa da iliminsa da sana'arsa, abin da a yawancin larduna ba a biyan komai a kansa. Sai lardi ya gayyace shi kafin ya miƙa cikakkun takardu tare da kuɗi. Saboda haka duk wanda aka nemi ya biya "kuɗin lardi" alhali babu gayyata a asusunsa, yana da dalilin yin tsaye ya bincika.

Kason gwamnatin tarayya

Zaɓen lardi ba shi ne izinin zama ba. Ma'aikatar shige da fice ta tarayya da ke Ottawa ce ke da magana ta ƙarshe, bayan binciken lafiya da na tsaro, kuma tana da nata kuɗaɗen, waɗanda take sake dubawa duk bayan shekara biyu. A farashin da aka yanka ranar 30 ga Afrilun 2024, babban mai nema ya riƙa biyan dala 950 na duba takardu da dala 575 na haƙƙin zama na dindindin, jimla 1,525. Mata ko miji ma haka. Kowane yaro kuma dala 260 ne a lokacin. Ɗaukar hoton yatsu da fuska, wanda ake yi a cibiyoyin karɓar takardun biza da ke Abuja da Legas, dala 85 ne ga mutum ɗaya, kuma ba ya wuce 170 ga iyali.

Cikin waɗannan, kuɗin haƙƙin zama na dindindin ne ake mayarwa idan aka ƙi mutum ko ya janye.

A misali, magidanci da matarsa da 'ya'ya biyu da suka bi ta Alberta a 2025 za su biya lardin dala 1,500, su biya tarayya 3,050 na ma'auratan, 520 na yaran, da 170 na hoton yatsu. Jimlar ta kama dala 5,240. Wannan bai haɗa da jarrabawar Turanci ko Faransanci ba, da tantance takardun karatu, da gwajin asibiti, da takardar shaidar 'yan sanda, balle kuɗin jirgi. A wasu rukunoni kuma sai mutum ya nuna yana da abin da zai riƙe kansa a banki; a 2024 adadin ya kai dala 14,690 ga mutum ɗaya a tsarin Express Entry.

Nauyin a aljihun ɗan Najeriya

Tun bayan sauya tsarin canjin kuɗi a watan Yunin 2023, darajar naira ta faɗi ƙwarai, har dalar Kanada ɗaya ta haura naira 1,000 a 2024. Da wannan lissafi, kuɗin lardi na dala 1,500 kaɗai ya zarce naira miliyan ɗaya da rabi, fiye da albashin wata 20 na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Iyalin da ke cikin misalin can kuwa sun tashi sama da naira miliyan biyar.

A ɗaya ɓangaren kuma guraben sun ragu a 2025. A watan Oktoban 2024, ministan shige da fice na lokacin, Marc Miller, ya sanar da rage adadin waɗanda za a karɓa ta shirin larduna daga 110,000 a 2024 zuwa 55,000 a 2025. Raguwar ta sa larduna suka fi karkata ga fannonin da suka fi matsuwa, kamar kiwon lafiya da gine-gine, da kuma mutanen da ke aiki a lardin tuntuni.

Arha ba ta zaɓen lardi

Ganin wannan tsada, wasu kan nufi lardin da ya fi sauƙin kuɗi. Sai dai mai nema yana sa hannu ne a kan cewa ya yi niyyar zama da aiki a lardin da ya zaɓe shi, kuma jami'ai kan duba ko yana da tayin aiki, ko dangi, ko karatu a can. Dokar shige da fice ta Kanada ta tanadi haramcin shekara biyar ga wanda aka samu da bayanin ƙarya. Dala 250 da aka biya lardin da ba ya neman sana'ar mutum asara ce, kamar yadda Hausawa ke cewa, araha ba ta ado.

Hattara da dillalai

Doka ba ta tilasta wa kowa ɗaukar wakili ba. Wanda ya ga yana buƙata, waɗanda aka yarda su karɓi lada sun haɗa da lauyoyin da ke da rajista a Kanada da masu ba da shawara da ke da lasisin hukumar CICC, wadda ta fara aiki a watan Nuwamban 2021, kuma ana iya duba sunan kowane mai lasisinta a rajistarta ta intanet. Ladan wakili daban yake da kuɗin gwamnati, don haka ya kamata a rubuta kowanne a fili cikin yarjejeniya.

Ana biyan kuɗin lardi ne kai tsaye ta shafin gwamnatin lardin, a kuma karɓi rasit. Babu lardin da ke karɓar kuɗi ta asusun wani mutum ko ta WhatsApp, kuma babu wakilin da ke da ikon tabbatar wa kowa cewa za a zaɓe shi. Cinikin takardun tayin aiki na bogi ya yi ƙamari har gwamnatin Kanada ta soke makin da ake bayarwa saboda tayin aiki a tsarin Express Entry a watan Maris na 2025.

Kafin mai nema ya fitar da ko sisi, akwai abubuwa uku da ya kamata ya tabbatar: sana'arsa na cikin waɗanda lardin ke nema a halin yanzu, gayyatar ta shigo asusunsa na shafin gwamnati, kuma yana da ƙarfin biyan kason tarayya idan lardin ya zaɓe shi, domin takardar zaɓen tana da wa'adi, galibi wata shida.