Dutsen da Ke Raba Haske Biyu

A shekarar 1669 wani malami ɗan ƙasar Denmak, Rasmus Bartholin, ya ba da labarin wani dutse mai garai-garai kamar ƙanƙara da aka samo daga tsibirin Aisland. In ka ɗora shi a kan rubutu, sai kowane baƙi ya fito biyu. In ka juya dutsen, hoto ɗaya ya tsaya cik, ɗan'uwansa kuwa ya riƙa zagaya shi. Bartholin ya auna, ya rubuta, amma dalili ya gagare shi.

Christiaan Huygens na Holan ya zo ya ƙara dagula lissafin. Ya ɗora dutse bisa dutse. A hankalce, biyu ta rabu ta zama huɗu, kuma hakan aka gani. To amma yana juya na saman, sai ya iske wuraren da huɗun ke komawa biyu. Ashe hasken da ya ratsa dutsen farko ya fito da wata ɗabi'a da bai shiga da ita ba. A littafinsa na 1690 Huygens ya amsa cewa nan ya ƙure masa. Isaac Newton ya ce wataƙila haske yana da ɓangarori, kamar sanda mai kusurwa huɗu. Ya yi kusa, amma maganar ta kwanta kusan shekara ɗari, don an ɗauka sirrin a cikin dutsen yake.

Wata yamma a 1808, Étienne-Louis Malus, injiniyan soja da ya bi Napoleon yaƙin Masar, yana gidansa a Faris, ya ɗaga dutsen ya kalli hasken faɗuwar rana da ke dawowa daga tagogin Fadar Luxembourg. Yana juya shi, sai hoto ɗaya ya dusashe, sa'annan ɗayan. Alhali dutse ɗaya ne tak a hannunsa! Wa ya yi aikin na farkon? Da dare ya kunna kyandir ya gwada da ruwa, ya ga in hasken ya faɗa a karkace, wajen digiri 53 daga tsaye, hoto ɗaya yakan ɓace. Gilashin taga da ruwa ma suna yi. Ke nan ɗabi'ar ta hasken ce. Ya raɗa mata suna polarisation a Faransanci.

Suna dai ba bayani ba ne. Saura tambaya: mene ne ke da ɓangare a jikin haske? Masu cewa haske taguwa ne sun ɗauka yana tafiya kamar sauti, yana turawa gaba yana ja baya, irin wannan taguwa kuwa ba ta da gefe. Augustin Fresnel da François Arago suka haɗa haske biyu da aka tace a fuskokin da suka gicciya juna, suka ga ba sa kashe juna kamar yadda taguwa biyu kan yi. A 1821 Fresnel ya fito fili ya ce kaɗawar haske a gicciye take da tafiyarsa.

Ɗauki igiya ka kaɗa ta, ko sama da ƙasa, ko dama da hagu. Hasken rana gauraye yake da kowace irin kaɗawa. Dutsen Aisland yana ware ta kashi biyu masu gicciyar juna, kowanne ya bi hanyarsa, shi ya sa baƙi ke fitowa biyu. In dutse na biyu ya daidaita da na farko, ba sauran abin warewa, huɗun Huygens ta koma biyu. Tagar fadar kuwa kusan kashi ɗaya kaɗai ta mayar, don haka hoto ɗaya ya rasa abin da zai haska shi.

Malus bai ji wannan ba. Tarin fuka ya kashe shi a 1812 yana da shekara 36, yana nan kan ra'ayin Newton cewa haske ƙananan ƙwayoyi ne.