Talabijin ɗin falo ma allo ne na biyu ga kwamfutarki

Uwargida, in kina lissafin sana'arki a laftof, ko yaronki na shirin JAMB, kin san wahalar ƙaramin allo: a duƙa, a ƙanƙance ido, kafin dare wuya ya ƙage. Ba sai kin sayi sabon allo ba. Yawancin talabijin na yanzu suna da ramin HDMI a baya. Ki nemi kebul ɗinsa ki haɗa su, sai ki koma HDMI da rimot. In Windows ce, ki danna maɓallin Windows da P tare. Duplicate zai nuna abu ɗaya a duka biyun. Extend kuwa, wanda na fi so, fili biyu zai ba ki: darasi a can, rubutu a nan.

A matsayina na nas, yanayin zaman ya fi damuna. Talabijin da aka kafe can sama a bango na kallon fim ne, ba na karatun awa biyu ba. Allon da aka fi duba ya kasance a gaba, samansa daidai da ido. In laftof ya yi ƙasa, ki ɗora shi kan littattafai. Duk bayan minti 20, yaro ya dubi wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, kuma ki riƙa tuna masa ya ƙifta ido.