Tsara Izini da Tsaro Kafin a Ɗora Manhajar Kula da Uwar Garke: Misalin Madawa, Buza da Keita

1.0 Gabatarwa

Duk mai binciken harshe ko mai tsara aikin yaƙi da jahilci a gundumomin Madawa, Buza da Keita cikin jihar Tawa ya san irin kayan da aikin ke tarawa: muryoyin masu Adaranci da aka ɗauka, jerin kalmomi, littattafan koyon karatu, da sunayen ɗalibai manya na kowane aji. A da, kaset da takarda ne ake kullewa cikin kabad, makulli yana aljihun mutum ɗaya. Yanzu kuwa ana zuba su cikin kwamfuta guda wadda sauran kwamfutocin ofis ke shiga su ɗebo, ita ce ake kira uwar garke. Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, darajar irin wannan ma'ajiya ta ƙaru. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tilas a yanke wa ke da izinin me, a kuma rufe ƙofofi, tun ba a ɗora manhajar da za ta kula da uwar garken ba. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

2.0 Dalilin da ya sa tsaro ke riga manhaja

Manhajar kula da uwar garke, kamar Webmin ko Cockpit, shafi ne da ke ba mutum ikon sarrafa na'urar daga nesa: ya buɗe asusu, ya share fayil, ya kashe na'urar ma. Da zarar an ɗora Webmin sai ta fara jiran baƙi a ƙofa mai lamba 10000, Cockpit kuwa a 9090. Wato duk wanda ya kai ga wannan shafi da kalmar sirri, ya mallaki ma'ajiyar baki ɗaya.

Abubuwa biyu da suka faru sun isa misali. A shekarar 2016 muguwar manhajar Mirai ta kame dubban na'urori ta hanyar gwada sunaye da kalmomin sirri wajen 60 waɗanda na'urorin suka fito da su daga masana'anta, masu su ba su canza ba. A watan Agusta na 2019 kuma aka gano an cusa ɓoyayyar ƙofa cikin wasu fitowar Webmin ita kanta, sai a fitowa ta 1.930 aka toshe ta. Wanda ya hana mutanen waje isa ga ƙofa ta 10000 tun farko, wannan aibi bai buɗe shi ga duniya ba.

3.0 Rabon izini

Mataki na farko a takarda ake yin sa. A zauna a rubuta rukunin ma'aikata da abin da kowane rukuni ke bukata. A ɗauka wani ofishi a Keita ya ɗauki muryoyin matan da suka yi aikin tare ruwa da dashen itatuwa a babban aikin raya karkara da aka fara can a 1984, ko wani a Buza ya tattara zancen manoman kwarin Majiya game da layukan itatuwan tare iska da aka soma dasawa a 1975. Cikin irin wannan hira akwai sunaye, da maganar iyakar gona, da ta bashi. Mai rubuta hirar yana bukatar ya saurare ta. Malamin aji kuwa littafin da aka fitar daga cikinta kawai yake bukata.

Tsarin Linux, wanda Debian da Ubuntu ke kansa, ya ba da hanyar yin wannan rabo. Kowane fayil yana da izini iri 3, wato karantawa, rubutawa da zartarwa, ana kuma ba da su ga mutane kashi 3: mai fayil, rukuninsa, da sauran jama'a. Saboda haka sai a buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa na kansa, a sa shi rukunin da ya dace, a hana sauran jama'a komai cikin jakar muryoyi. Asusu ɗaya da ofis duka ke amfani da shi yakan hana a san wanda ya share abu ran da aka neme shi aka rasa. Babban asusu mai suna root, wanda ba a hana shi komai, kada a yi aikin yau da kullum da shi. Mutum biyu kaɗai za a ba ikon aron ƙarfinsa ta umarnin sudo, domin in ɗaya ya yi tafiya ko aka canza masa wurin aiki, kada ma'ajiya ta zauna a kulle.

4.0 Rufe ƙofofi

Shiga uwar garke daga nesa ana yin sa ne ta SSH, tsarin da Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a ƙasar Finland a 1995, wanda ke amfani da ƙofa ta 22. Cikin fayil ɗin saitinsa a hana root shiga kai tsaye, sa'an nan a koma shiga da makullin sirri mai ɓangare biyu, ɗaya a uwar garke, ɗaya a kwamfutar mai kula, a rufe shiga da kalmar sirri. Akwai gargaɗi a nan: kada a rufe tagar da ake aiki cikinta sai an buɗe wata an tabbatar sabon makulli yana aiki, in ba haka ba mutum zai kulle kansa waje.

Bayan haka sai katangar tsaro, kamar ufw da ke zuwa tare da Ubuntu. Ƙa'idarta ita ce a hana duk mai shigowa, sa'an nan a buɗe abin da ake bukata kaɗai. Ƙofar manhajar kula kuwa kwamfutocin cikin ofis kawai za a yarda su isa gare ta.

5.0 Matsalar haruffa

Akwai abin da ya shafi masana harshe musamman. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ duka suna cikin Unicode, amma sai an saita na'ura a kan UTF-8 tun farko sunayen fayiloli masu ɗauke da su za su fito daidai. Cikin sunan asusu da kalmar sirri kuwa gara a bar su, domin allon bugu na uwar garke ba lalle ya iya fitar da su ba a ranar da ake gaggawa. Har ila yau, allon Faransanci da aka saba da shi a Nijar ya sha bamban da na Ingilishi a wurin a, m, w da z, ga shi da wuya a sami kalmar Hausa mai tsawo da babu a cikinta. Don haka a tabbatar da irin allon da na'ura ta sani kafin a zaɓi kalmar sirri. Kalmomi 5 na Hausa da ba su da dangantaka da juna sun fi gajeriyar kalma mai lambobi ƙarfi, sun kuma fi ta saukin tunawa. Karin magana kuwa bai dace ba, tun da kowa ya san ƙarshensa.

6.0 Kammalawa

Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, tare da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta, saboda haka muryar tsohuwa ta Keita da sunan ɗalibin Madawa amana ce da doka ta sani. Jerin aikin shi ne: a rubuta rabon izini, a saita haruffa da allon bugu, a buɗe asusun kowa, a ɗaure SSH, a tsayar da katanga, a kwafe ma'ajiya zuwa wani faifai da za a ajiye a wani ɗaki, sa'an nan a ɗora manhajar kula, a riƙa sabunta ta. Muna ba masu tsara aikin yaƙi da jahilci shawara su sa wannan jeri cikin takardar kowane sabon shiri, su kuma rubuta sunan muƙamin da zai riƙe makulli kafin a sayo na'ura.