Me ya sa Hausar gabashin Sudan ta bambanta da ta Kano da Maraɗi?

Alhazan Najeriya da Nijar da suka taɓa haɗuwa da Hausawan Sudan a Makka ko Jidda sun san yadda abin yake. Gaisuwa takan tafi daidai, a tambayi gida da iyali, kowa ya gane ɗan'uwansa. Amma da zarar hira ta kai ga mota, asibiti, makaranta ko kuɗi, sai a fara cewa "maimaita mini". Wasu kan yanke hukunci nan take cewa Hausar mutumin Sudan ta gurɓace. Tarihin yadda harshen ya isa jihar Gadarif, har zuwa yankin Basunda da ke bakin iyakar Habasha, yana nuna cewa lamarin ba haka yake ba.

Hanyar da ta kai harshen gabas

Kafin jiragen sama su fara jigilar alhazai a shekarun 1950, mai niyyar hajji daga ƙasar Hausa ƙasa yake bi. Daga Kano ko Katsina ya nufi Barno, ya ratsa ƙasar Chadi ta Abeche, ya shiga Darfur ta Al-Junaina, ya wuce Al-Ubayyid, ya tsallake kogin Nilu, sannan ya kai tashar Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar kan ci shekaru, domin idan guzuri ya ƙare dole a tsaya a yi noma ko ƙodago. Da yawa sun yi aure a hanya, sun haihu, zangon wucin gadi ya zama gida.

Ƙaura mafi girma ta biyo bayan shigowar Turawan Ingila. A 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a yaƙin Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'a, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a kusa da Sinnar. Daga baya aikin noman auduga na Jazira, wanda ya fara a 1925, ya jawo ƙarin ma'aikata daga Afirka ta Yamma. A shekarun 1940 kuma aka fara noman dawa da injuna a filayen Gadarif masu baƙar ƙasa, riɗi ma ya zama babban amfanin gonar yankin. Aikin gona da kamun kifi suka zaunar da Hausawa a garin Gadarif da ƙauyukan bakin kogin Rahad irin su Bazura, da sauran sassan kudancin jihar.

Harshe ɗaya, maƙwabta uku

Abin da ya fi raba Hausar ƙasashen nan shi ne kalmomin aro. Yawancin kayan zamani sun zo ne bayan an shata iyakoki, kowace al'umma kuma ta ɗauki sunan abin daga harshen hukumar da ke mulkinta. Bakano ya ari "mota", "asibiti" da "tebur" daga Ingilishi. Mutumin Damagaram ko Tawa ya ari "lakwal", "mushe" da "jandarma" daga Faransanci. Bahaushen Gadarif kuwa a cikin Larabcin Sudan yake rayuwa, inda mota take "arabiyya", asibiti "mustashfa", makaranta "madrasa", kuɗi kuma "gurush". Su ne kalmomin da yake ji a kasuwa da ofis, su ne kuma ke shiga Hausarsa.

Kowanne cikin ukun aro ya yi. Bambancin kawai shi ne gidajen rediyo, littattafai da finafinan Kano sun sa kunnen mutane ya saba da aron Ingilishi har ba a jin baƙuncinsa.

Akwai kuma batun karin harshe. Waɗanda suka tafi gabas ba daga gari ɗaya suka fito ba. A ƙasar Hausa kanta, inda Bakano zai ce "yana zuwa", Basakkwace "shina zuwa" zai ce. Inda wancan ya ce "fari", wannan ya ce "hwari". Kowane ayari ya tafi da karin garinsu, don haka Hausar Sudan ita ma ba iri ɗaya ba ce daga ƙauye zuwa ƙauye. Masanin harshe ɗan Sudan Al-Amin Abu-Manga ya wallafa littafi a 1999 kan yadda Hausa ke sajewa da Larabci a ƙasar.

Rubutu ma wani shinge ne. Da Larabci ake karatu a makarantun Sudan. Saurayin da ke jin Hausa sarai zai iya kasa karanta saƙon da aka rubuto masa da haruffan boko masu lanƙwasa, kamar yadda ɗan'uwansa na Zariya zai sha wuya da saƙon da aka rubuto da Larabcin Sudan.

Abin da baƙo zai tarar

Wanda ya je yankin daga yamma zai ga bambanci tun daga akushi. Kisra, wadda ake yi da ƙullun dawa mai tsami a toya ta fale-fale, ita ce abincin yau da kullum, tare da asida mai kama da tuwo. Ana shan gahawa daga ƙaramar butar ƙasa da ake kira jabana. Maza na sa farar jallabiya da rawani, mata na yafa tob, mai kama da lafaya. Ranakun hutu Juma'a da Asabar ne, agogon Sudan kuma yana gaba da na Yamai da Abuja da awa ɗaya.

Basunda na da nata ƙarin, saboda kusancinta da Habasha. Lokacin yankan riɗi, wajen watan Oktoba, 'yan ƙodago kan tsallako daga yankin Amhara, sai a ji Amharanci a gonaki tare da Larabci da harsunan mutanen Darfur irin su Masalit. A mashigar Gallabat, wadda ke fuskantar garin Matamma, fam ɗin Sudan ke haɗuwa da kuɗin birr, kalandar Habasha mai wata 13 kuma ta soma aiki.

Aron bai tsaya a ɓangare ɗaya ba. Naman da ake gasawa da ƙuli da yaji, wanda Bakano ke kira tsire, a duk faɗin Sudan "agashe" ake ce masa, kuma Hausawa aka sani da sana'ar. A'isha al-Fallatiya, mace ta farko da ta rera waƙa a Rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, daga cikin wannan al'umma ta fito.

Lokacin da lafazi ya zama shaida

Maganar ta wuce ta raha da wasan harshe. A Sudan an daɗe ana haɗa Hausawa, Fulani da Barebari ƙarƙashin suna ɗaya, Fallata, sunan da a bakin wasu ke nufin baƙo. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, abin da ya bar jikokin waɗanda suka iso bayan Burmi a waje. Dokar 1994 ta sassauta sharaɗin zuwa 1956, amma zargin baƙunci bai gushe ba. A Yulin 2022 rikici kan filaye da sarautar gargajiya a jihar da ke kudu da Sinnar, wadda Damazin ke babban birninta, ya ci rayuka sama da 100, Hausawa kuma suka yi zanga-zanga a Khartum, Kasala da Gadarif. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara tsananta lamarin, domin a shingayen bincike suna da lafazi kan jawo wa mutum tambayoyi.

A irin wannan yanayi, iyalin da ya rage yi wa 'ya'yansa Hausa a bainar jama'a yana da dalilinsa. Idan kuma ɗan wannan gida ya haɗu da mutanen Kano ko Maraɗi suka yi wa maganarsa dariya, ya zama baƙo sau biyu ke nan. Hausawan Kumasi, Yawunde da Njamena sun san irin wannan matsayi, ko da harshen da ke kewaye da su daban ne. Wanda ya ji "arabiyya" a tsakiyar jimlar Hausa, abin da yake saurare shi ne harshen da ya yi fiye da shekara 100 a nesa da gida, kuma har yau ana gaisawa da shi a bakin kogin Rahad.