Masaka: garin da ke kwantar da ma'aikatan Abuja, amma alherin kamfanoni na tsallake shi

A taswira, Masaka tana cikin ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, amma abincinta a Abuja yake. Tun kafin gari ya waye motocin haya ke cika maƙil a bakin titin Keffi, su shiga cunkoson Mararaba da Nyanya ɗauke da direbobi, masu gadi, masu shara da ƙananan ma'aikatan bankuna da kamfanonin waya. Komawar gwamnatin tarayya Abuja a Disambar 1991, da tsadar haya, da rushe-rushen da aka yi a cikinta tsakanin 2003 da 2007, su suka turo jama'a wannan yanki har ƙauyukan Gbagyi suka zama birni ba tare da an shirya musu zama birni ba. A unguwanni da dama har yau ɗan garuwa ne hukumar ruwa. Yakan turo kurarsa cike da jarkoki daga rijiyar burtsatsen wani mai hali, ya sayar wa gidan da maigidansa ya fita tun asuba don goge gilasan wani dogon bene a tsakiyar Abuja.

A cikin irin waɗannan benaye ake tsara kuɗin da kamfanoni ke warewa don kyautata wa al'umma. Kuɗin ba ƙanana ba ne. Gidauniyar MTN, wadda aka kafa a 2004, tana samun har kashi 1 cikin 100 na ribar kamfanin bayan haraji. Gidauniyar Aliko Dangote ta faro tun 1994, kuma an ga hannunta a yaƙin da aka yi da cutar shan inna. A yanzu da wuya babban kamfani ya fitar da rahoton shekara bai ƙawata shi da tambarin Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa ba, wato muradu 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Satumbar 2015, da niyyar cim musu zuwa 2030. 'Yar Najeriya ce ma, Amina Mohammed, ta jagoranci shirya su lokacin da take mai ba babban sakataren majalisar na wancan lokacin, Ban Ki-moon, shawara. Muradi na 6 yana magana kan ruwa mai tsabta da tsabtar muhalli, na 11 kan biranen da mutum zai zauna cikin mutunci. Kai ka ce don Masaka aka rubuta su. Sai dai kuɗin kamfani ba ya bin inda buƙata ta fi tsanani, yana bin inda kamfani ke tsoron rikici ne, ko inda ido zai gani.

Doka ma haka ta ɗauki lamarin. Dokar man fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfanonin da ke haƙo mai su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsu na shekarar da ta gabata a asusun al'ummomin da suke aiki a yankinsu. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce sai mai haƙar ma'adinai ya ƙulla yarjejeniya da mutanen wurin kafin ya fara aiki. A jihar Nasarawa kanta, mutanen Tunga da ke Awe suna da bakin magana da Dangote saboda gonar rake, na Rukubi da ke Doma suna da shi da kamfanin Olam saboda gonar shinkafa. Masaka ba ta da rijiyar mai, ba ta da katafariyar gona. Abin da ake ɗiba daga cikinta kowace safiya ƙarfin mutane ne, kuma ba wata doka da ta lissafa shi. Ga alama an manta cewa garin da ma'aikaci ke kwana, inda 'ya'yansa ke makaranta, inda matarsa ke haihuwa, shi ma mai masaukin kamfani ne.

Za a ce ai samar da ruwa da magudana aikin gwamnati ne, kamfani kuwa riba ya zo nema, ya biya haraji ya sallami kowa. Wannan tsohuwar hujja ce, masanin tattalin arzikin Amurka Milton Friedman ya kafa ta tun 1970, kuma akwai gaskiya a cikinta. Harajin ilimi da aka karɓa daga kamfanoni, wanda asusun TETFund ya raba, ya gina ɗakunan karatu a jami'o'i da kwalejoji fiye da duk wata kyauta da aka yanka wa kintinkiri. Doka kuma ta ce harajin albashi na jihar da ma'aikaci yake zaune ne, don haka kamfanin da ya tura kason mazauna Masaka zuwa Lafiya, babban birnin jihar Nasarawa, ya yi musu abin da ya fi rabon buhunan shinkafa. Amma hujjar ta tsaya a nan. Dokar harajin kamfanoni ta daɗe tana ba da damar cire wasu gudummawa daga ribar da za a yi wa haraji, kuma a 2019 an fito da tsarin da kamfani zai gina titi a rage masa haraji, kamar yadda Dangote ya yi a hanyar Obajana zuwa Kabba. Kuɗin da aka yafe wa kamfani daga baitulmali kuɗin jama'a ne, jama'a na da ikon tambayar inda ya tafi.

Wasu kuma na ganin mafita ita ce a bi sahun Indiya, wadda dokar kamfanoninta ta 2013 ta tilasta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu a kan al'umma. Kuɗi sun ƙaru ƙwarai a can, amma kaso mafi tsoka ya taru a jihohi masu masana'antu irin su Maharashtra, matalautan jihohi suka samu kaɗan. In aka kwafo dokar yadda take, Legas da tsakiyar Abuja ne za su ƙara ƙoshi. Mun ma ga darasin a gida: a 2020 manyan kamfanoni sun haɗa biliyoyin nairori ƙarƙashin haɗakar CACOVID don tallafin annobar korona, sai ga shi a watan Oktoba jama'a na fasa rumbunan da aka jibge kayan tallafin, har da na Gwagwalada. Tara kuɗi bai taɓa zama matsalarmu ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne ma'aunin da ake amfani da shi. Rahoton kamfani yakan faɗi nawa aka kashe da rijiya nawa aka haƙa, ba ya faɗin nawa ke ba da ruwa bayan shekara uku. Kowa ya san irin rijiyar: baƙin tanki a kan ƙarfe, allo mai sunan wanda ya bayar, famfo a bushe saboda injin ya ƙone kuma ba a ware ko sisi don gyara ba. Muradun 2030 ba sa ƙirga tankuna, suna ƙirga mutanen da ke samun ruwa. Kamfanin da ke da gaske zai iya duba takardar albashinsa ya ga unguwannin da ma'aikatansa suka fi yawa, ya zauna da ƙaramar hukumar Karu da masarautar Esu Karu da masu unguwanni, a rubuta yarjejeniya, a sa kuɗin gyara na shekaru a cikinta, a kafe ta inda kowa zai karanta. Ƙungiyoyin mazauna Masaka su ma su daina karɓar duk aikin da bai zo da takardar da ta faɗi wanda zai gyara shi in ya lalace ba.