Majigi a Aji: Koyar da Tarihin Kisan Ƙare Dangi a Ƙasar Dakoro

Kisan ƙare dangi, kamar yadda yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 9 ga Disamba 1948 ta fayyace shi, shi ne hallaka mutane da niyyar shafe al'ummarsu, gaba ɗaya ko wani sashenta, saboda ƙabilarsu ko launin fatarsu ko addininsu ko ƙasarsu. Abin da ya wajabta wannan yarjejeniya shi ne ta'asar da gwamnatin Nazi ta Jamus ta yi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka kashe Yahudawa wajen miliyan 6. Sai dai ɗalibin sakandare a Ajekoriya, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, yana iya haddace wannan adadi don jarrabawa ba tare da ya taɓa zuciyarsa ba, kuma a nan ne fim ɗin shaida, wato wanda ake haɗawa daga bakin mutanen da abin ya shafa, yake da amfani.

Hikima ita ce malami ya fara daga gida. A shekarar 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, ta gwabza da Sarauniya a Lugu, ta karkashe jama'a a Birnin Ƙonni, kafin sojojinta su kashe shugabannin nan biyu a wajajen Maijirgi, kusa da Tasawa. Fim ɗin African Apocalypse na Rob Lemkin, wanda ya fito a 2020 kuma aka mayar da shi Hausa daga baya, ya bi wannan hanya yana sauraron jikokin waɗanda suka tsira. Ko ta'asar ta cika sharuɗɗan kisan ƙare dangi a shari'ance, wannan tambaya ce da ya dace a bar ɗalibai su tafka muhawara a kanta, domin a nan za su gane muhimmancin niyya cikin ma'anar laifin.

Daga nan sai a tsallaka Turai. Fim ɗin Shoah na Claude Lanzmann, na 1985, ya haura awa 9, kuma bai yi amfani da tsoffin hotunan gawarwaki ba, ya dogara ne kacokan ga maganar shaidu. A wani sashe nasa ana ganin Abraham Bomba, mai aski da ya tsira daga sansanin Treblinka, riƙe da almakashi yana yi wa wani aski, yana ba da labarin yadda aka tilasta masa yanke gashin mata kafin a kashe su da iska mai guba, har ya iso inda maganar ta sarƙe masa, ya yi shiru mai tsawo. Wannan sashe kaɗai ya ishi darasi guda, tunda ba makarantar da za ta iya nuna fim ɗin duka, balle wadda majiginta ya dogara ga farantin hasken rana.

Ƙyamar Yahudawa, wato ƙin mutum don kawai Bayahude ne, ita ce wurin da malami zai fi shan tambaya, musamman daga ɗaliban da ke bin labarin Gaza a rediyo. Wajibi ne ya bambanta sukar manufofin gwamnatin Isra'ila, wadda siyasa ce da ake iya tattaunawa, da ɗora wa al'umma sukutum laifin haihuwarta. Ya kamata kuma ya nuna cewa kisan ya zo ne mataki-mataki, daga zagi a jaridu, zuwa dokokin Nuremberg na 1935 da suka raba Yahudawa da haƙƙinsu na ƴan ƙasa, zuwa sansanoni. Haka aka gani a Ruwanda a 1994, inda gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran Tutsi kyankyasai, aka kashe mutum kimanin 800,000 cikin kwana 100.

Abin da ya rage shi ne matsalar harshe, domin yawancin finafinan da Faransanci ko Ingilishi aka fassara su, saboda haka sai malami ya kalli sashen tukuna, ya shirya bayaninsa da Hausa, ya riƙa tsayar da hoton yana fassarawa, sannan ya keɓe rabin lokacin darasin don tambayoyin ɗalibai.