Ciyawa Mai Harbi Tana Da Amfani

Duk wanda ya taɓa kutsawa cikin karara ya san ƙaiƙayi. To, akwai wani dangin tsire-tsire da ya fi karara suna wajen wannan aiki, ko da ya ke ba 'yan'uwa ba ne, don ita karara dangin wake ce. Turawa suna kiran wannan dangi netil. Suna son wuri mai laima da taki, kamar gefen garke da bakin rafi. Akwai wani irinsu da ke fitowa da damina a kudancin Nijeriya.

Yaya su ke harbi? Ganye da kara suna da gashi ƙanana. Kowane gashi kamar allurar likita ya ke, da ruwan dafi a ciki, bakinsa kuwa da gautsi kamar gilashi. Da ka goge shi sai bakin ya karye, ya huda fata, dafin ya shiga. Kada ka sosa, wanke wurin da ruwa da sabulu. Yawanci zafin ba ya daɗewa, amma a Ostireliya akwai wani iri da raɗaɗinsa kan yi watanni. Allah ya raba mu da shi!

Abin da mu ke so manoma su riƙe shi ne, tafasa ko shanya tana kashe harbin nan. Shi ya sa a Habasha a ke dafa wani iri mai suna samma a ci kamar alayyafo. Kikuyu na Kenya kuwa suna kirɓa nasu da dankali da masara. Ganyen yana ƙara jini, yana gina jiki, busasshensa kuma abincin dabbobi ne. Amma kada mu ci ganyen da ba mu sani ba sai mun nuna wa malamin gona.

Karan kuma yana da zare. A Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, da auduga ta yi wa Jamus ƙaranci, sun saƙa tufafin soja da shi. A ƙasar Sin ana noman wani iri marar harbi, wai shi rami, saboda zarensa mai ƙarfi. Sunan ya yi kama da ramarmu, amma ba su haɗa dangi ba.

Masu lambu a Turai ba sa ƙone ciyawar. Sukan jiƙa ta cikin duro wajen mako biyu har ta ruɓe, ta yi wari. Sai su zuba gwangwani ɗaya na ruwan cikin gwangwani goma na ruwa mai kyau, su ba tumatir da kabeji. In za ka yanke ta, rufe hannunka da tsohon buhu.